Haƙorin Habiba

Musun ya samo asali ne daga wata jarida da Ɗantani ya kwaso daga makarantar elementaren da yake koyarwa. Wai a ƙasar Amurka akwai garuruwan da ake zuba wani magani a ruwan famfo, yara su sha, haƙoransu su daina ruɓewa. Bai kai ƙarshen karatun ba yayansa Nata'ala ya tofar da tukar goro ya ce ai dama ya faɗa. Tun da aka jawo ruwan ƙarfe cikin birni haƙoran yara suka lalace, ga shi yau masu abin sun amsa da bakinsu cewa zube-zube suke yi a ciki. Ɗantani ya ce jahilci ne wannan, ba a ma kawo maganin Kano ba, da za a kawo da an huta. Shi ke nan zauren gidansu da ke Sheshe ya zama majalisa. Kullum bayan la'asar sai dattawan layin su hallara, rabi bayan wa, rabi bayan ƙane.

Mero matar Nata'ala tana jin komai daga tsakar gida, kuma ranta in ya yi dubu ya ɓaci. Ita ba ruwanta da Amurka. 'Yarta Habiba, mai shekara bakwai, ita ce ke fama da wani haƙori na can ciki da ya yi baƙin rami. Abinci ya gagara, kunu ma sai an bari ya huce take iya kurɓa.

Abin da ya ɗaure Mero shi ne Habiba 'yar fari ce. Mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa rawar jiki a gaban mutane, balle ta tsaya gaban miji tana roƙo a kansa. Aikin kaka ne wannan, ita kuwa kakar, 'Yardada, ta rasu bara. Saboda haka abin da Mero ta iya faɗa, idonta a ƙasa tana ajiye kwanon tuwo, shi ne, "Malam, yarinyar nan fa ba ta cin abinci."

"Ruwan famfon nan ne," in ji Nata'ala. "Daga yau kada ɗan garuwa ya ƙara shigo mini gida."

Aka koma rijiyar bayan ɗaki mai ruwan zartsi. Mero ke jan guga safe da yamma, sabulu ba ya kumfa, wake ba ya dahuwa, haƙori kuma bai fasa ciwo ba. Da ta tare Ɗantani, wanda take iya sakin baki da shi tun da ƙanin miji abokin wasa ne, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Mero, haƙorin nono ne fa. Ana shiga famfara zai faɗi, wani ya tsiro. Ki sa mata kanumfari." Ta yarda da shi, don ita ma haka ta ɗauka, duk haƙorin yaro mai faɗuwa ne. Ta sa kanumfari, ta sa ruwan gishiri, ta ci gaba da haƙuri.

Sai mazan suka gano suna da shaida a cikin gida. Musu na yin zafi Nata'ala zai ƙwala kira, "Habiba!" A shigo da ita zaure, a juya ta wajen haske, ya ce wa jama'a su duba aikin famfo. Ɗantani ya jawo ta nasa ɓangaren ya ce su duba abin da rashin magani ke jawowa. Da yarinyar ta gaji ta fara datse baki, sai wani dattijo ya ciro alawa daga aljihu ya lallashe ta. Daga ranar ya zama ƙa'ida: ba ta buɗe baki sai an ba ta. Wannan ya zo da alawar madara, wancan da minti na kanti, kowa yana so shaidarsa ta fito da kyau. Takan dawo cikin gida da hannu danƙare, ta tsotsa ta gefen da ba ya ciwo, can an jima ta fashe da kuka. Manyan mutane masu gemu sun bar jaki suna dukan taiki, kuma ba wanda ya ce a kai ta a duba ta. Nata'ala ba zai kai ba, don zuwa asibiti tamkar miƙa wuya ne ga ƙaninsa. Ɗantani ba zai kai ba, don ya riga ya yanke hukunci a gaban mutane cewa haƙorin nono ne.

Wata ranar Talata kumatun Habiba ya wayi gari kamar an cusa mata ƙwallon goruba. Jikinta ya yi zafi rau, idon wannan gefen ya ƙanƙance. Mero ta gaya wa Nata'ala kafin ya fita kasuwar Kurmi, ya ce in ya dawo zai aika a kira wanzami ya yi mata hayaƙin tsutsa. Ya dawo bayan azahar, bai aika ba. La'asar ta yi, zaure ya cika, har da wani baƙo daga Mandawari da aka gayyato ya ji musu. Mero na zaune ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, abin da ba ta yi sai in ba kowa, sai ta ji muryar mijinta.

"Habiba! Zo Malam Jibrin ya ga bakinki!"

Yarinyar ta yunƙura za ta tashi, don ta saba. Wannan yunƙurin shi ya ƙarasa Mero. Tura ta kai bango. Ta yafa mayafi, ta saɓa 'yar nan da ta wuce goyo a bayanta, ta nufi ƙofa. Gidan kuwa ƙofarsa ɗaya ce, sai ta zaure, kuma tun da aka kawo ta amarya ba ta taɓa keta shi da rana ba.

Wasu daga cikin mazan suka sunkuyar da kai, baƙon ya janye ƙafafunsa daga hanya.

"Ke! Lafiya? Ina za ki?" in ji Nata'ala.

"Asibiti zan kai Habiba."

Ta kira sunan da ƙarfi, a gaban kowa, har wani tsoho ya yi salati.

"Da izinin wa?"

"Malam, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama in na dawo. Kun mai da bakin yarinya abin kallo, kuna ta ɗura mata zaƙi kuna zagin ruwa. Ruwan famfo ne ya saya mata minti? Ku dubi fuskarta! Wallahi da akuyarku ce ta kumbura haka da tuni kun nemo mai magani."

Ɗantani ya buɗe baki zai yi magana, ta daka masa harara ya haɗiye abarsa. Ta fice. Ba ta ma san hanya sosai ba, tambaya ta riƙa yi wurin tsofaffi mata a lungu, gumi na bin wuyanta, yarinya na nishi a bayanta.

A asibitin wani malami mai farar riga ya duba, ya yi wa Habiba allura, ya ce da an ƙara jinkiri da ruɓar ta bi jini. Haƙorin ba ya gyaruwa, sai cirewa. Mero ta riƙe kan 'yarta tana cewa, "Yi haƙuri, wani zai fito miki, sabo fil."

Malamin ya dube ta. "Wa ya gaya miki? Wannan haƙorin turmi ne na girma, ba na nono ba, bara ko bara waccan ya tsiro. Ba ya da magaji. Da kun zo tun yana ɗan rami da an cike shi."

Haushin da Mero take ji na mutanen zaure sai ya juyo ya haɗa da ita kanta, ita da ta zauna tana kunya haƙori na ruɓewa. Ta karɓi abin da aka naɗe mata a auduga, ta ƙulle a bakin mayafi.

Dab da magariba suka iso gida. Majalisa ta watse, saura wa da ƙane zaune nesa da juna. Nata'ala ya cika ya batse, ya shirya faɗan da zai yi. Kafin ya fara Mero ta sauke Habiba, ta kwance ƙullin, ta kamo hannunsa ta ajiye masa a tafi. Haƙori ne babba mai saiwa, rabinsa baƙi ƙirin. Ta maimaita musu abin da malamin asibiti ya faɗa, a hankali, tana kallon Ɗantani.

Habiba ba ta gane zancen ba. Ta ga dai yara in haƙorinsu ya faɗi ana jefa shi kan soro don sabo ya fito. Ta ja rigar ubanta, bakinta cike da auduga, magana na fita da ƙyar.

"Baba, ka jefa mini sama da ƙarfi. Yaushe sabon zai fito?"

Nata'ala ya dubi ƙaninsa. Ɗantani ya dubi tabarma.

"Ku ba ta amsa mana," in ji Mero. "Ai ku ne kuka iya magana."