Jan Yadin da Bai Sha Ruwa Ba

Akwai laifin da mutum ke yi yana zaton girma ne: ya toshe kunne ga gaskiya don kawai ta fito daga bakin na ƙasa da shi. Wannan laifin ne ya ci Yaya, babbar 'yar mai ɗinkin bargo, kuma ba wanda ya yi mata sai ita kanta.

Uwarsu, wadda kowa ke ce wa Inna, shekara arba'in ta yi tana harhaɗa ƙyallaye tana mayar da su bargo, sama faci-faci, tsakiya auduga, ƙasa shafi guda. 'Ya'yanta biyu ne, duk mata. Yaya tun da ta bar gida ba ta ƙara riƙe allura ba. Auta kuwa har ta haifi uku ba ta daina zuwa ta zauna gefen tabarmar aiki ba.

Da Inna ta rasu, Yaya ta shiga ɗakinta ta kwashe kayan aiki kaf: babban almakashi mai baƙin mariƙi, gwangwanin allurai, zare, alli, dutsen guga, katakon da ake miƙe bargo a kai, har ɗan ƙarfen da ake sa wa yatsa. Ta ce ita ce babba. Abin da ta bar wa Auta shi ne wani tsohon baho mai tsatsa a bayan ƙofa, don ba ta lissafa shi cikin kayan ɗinki ba.

Ubansu yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Wata safiya ya kira su ya ce, "Zannuwan uwarku bakwai suka rage, sauran an bayar. Ku ɗinka mini bargo da su. Da su nake so in rufa."

"Ni zan yi, Baba," in ji Yaya, tun kafin Auta ta buɗe baki.

Zani bakwai da suka tsufa ba za su kai bargo ba sai da ƙari. Yaya ta tafi wurin mai yadi ta zaɓi wani ja jawur, wanda za ta ratsa tsakanin faci da faci ta kuma yi baki da shi.

"Ba ya zuba dai ko?"

"Wannan? In ya zuba, baiwar Allah, ki kawo ruwan ki sheƙa mini a ka."

Ta dawo ta shimfiɗa shi, ta zana da alli, ta ɗauki almakashi ke nan sai ga Auta da bahonta.

"Yaya, dakata. Bar shi ya kwana a ruwa tukuna."

"Wanki na ce zan yi ko ɗinki?"

"Inna ba ta taɓa sa almakashi a sabon yadi ba sai ya kwana biyu a bahon nan, ta ɗauraye har ruwa ya fito fari. Sabo yana zuba, yana kuma tsukewa. Zannuwan nan sun sha wankin shekaru, sun gama tsukewarsu, sun yi laushi. In sabo ya ja, tsohon ne zai yage."

"Iye! Malama ta iso. Ke da na goya, na share wa majina, yau ke ce za ki koya mini aikin uwata?"

"Goyo kam kin yi, Yaya, Allah ya biya. Amma ɗinkin ba ki zauna kin gani ba."

Maganar ta soki Yaya har ƙashi, don gaskiya ce. A ranta ma ta tuna igiyar shanyar Inna, kullum da sababbin yaduka suna ɗigar ruwa mai launi. Da ita ta fara tunawa da kanta, da ta jiƙa yadin. Amma tun da daga bakin Auta ya fito, sai ta danna almakashi ta tsarga yadin.

"Ɗauki bahonki. Kuma kada ki ƙara taka mini ɗakin nan sai na gama."

Mako biyar ta yi a duƙe. Ta yayyanka zannuwan Inna ƙanana ƙanana, ta jera su, ta ratsa ja a tsakani, ta shimfiɗa auduga, ta bi da allura layi layi har yatsanta ya yi kanta. A faɗi gaskiya, bargo ya yi kyau. Da ta rufa wa Baba, sai ya riƙa bin faci ɗaya ɗaya da hannunsa mai lafiya.

"Wannan farin mai shuɗin fure, shi ta ɗaura ranar da muka shigo gidan nan. Wannan mai ganye-ganye da shi ta goya ki. Wannan kuma ni na sayo, ta ce ban iya zaɓe ba, amma ta fi shekara goma tana ɗaura shi."

Yaya ta kalli Auta da ke tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Malama, da gyara?"

Auta ta sunkuyar da kai.

Kwana tara Baba ya yi yana rufa da shi. Ran kwana na goma da safe Yaya ta shiga ta tarar ya juya fuska ga bango. Larura ta kama shi bai iya kira ba, bargo ya ɓaci.

"Ba komai, Baba. Wanki ne kawai."

Ta zuba ruwa da sabulu ta tsoma. Kafin ta cuɗa sau uku ruwan ya koma ja kamar an yi yanka. Ta zubar, ta sake, ja. Ta sake, ja. Farin mai shuɗin fure ya rine, mai ganye-ganye ya rine, duk suka zama launi ɗaya marar suna. Ta shanya shi. Da rana ta buge shi sai jan ya tsuke, bargo ya yamutse, tsofaffin ƙyallayen suka fara tsagewa ta bakin kowane ɗinki, auduga ta leƙo a dunƙule.

Ta zauna da allura za ta gyara, ko'ina ta soka sai ya ƙara ɓarkewa. A ƙarshe ta aika a kira Auta.

Auta ta zo ta juya bargon gaba da baya, ta ja wani faci a hankali, ya rabu a hannunta.

"Babu inda allura za ta kama, Yaya."

"To ki faɗa mana! Ki ce kin gaya mini!"

"Me zai ƙara?" Ta ajiye, ta fita tana share ido.

Baba ya jiyo su daga ɗaki. "Ku kawo in gani."

Yaya ta kai masa. Ya daɗe yana shafawa, yana kusantar da ido, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ina uwarku a nan?"

Ya ture bargon ƙasa da hannunsa mai lafiya, ya ce a ba shi tsohon bargonsa na kasuwa. Da shi ya rufa har ƙarshen kwanakinsa, wata biyu bayan haka, bai kuma sake ambaton zannuwan ba ko sau ɗaya.

To ga abin da Yaya ta rasa, a ƙirga mata. Zannuwan uwarta bakwai, babu ko tafin hannu ɗaya da za a gane. Aikin mako biyar. Ƙanwa guda, wadda yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Sai abu ɗaya tak da ubanta ya taɓa roƙonta a rayuwarsa, wanda ya samu kwana tara.