Sata a Bakin Tagar Ingvor

"Ajiye butar nan! So kike ki ƙarasa shi?"

Majken ta dire butar har ruwa ya fantsamar mata a safa. Haba! Mutum ya bar aikin gidansa ya hawo bene don ya taimaki maƙwabciya, sai ga shi ya zama mai laifi. Ingvor na kwance a gadon jinyar da aka kafa mata a falo, ta rame kamar tsinken tsintsiya, amma bakin nan nata ko gezau.

Furen pelargon ne ake rigima a kansa, cikin kaskon ƙasa a bakin taga. Mahaifiyar Ingvor ce ta taho da shi daga ƙauyensu a yankin Dalarna, kuma shi kaɗai ya rage daga gidan. Tunda ciwo ya kwantar da tsohuwar, duk mai jinyar da ta shigo sai ta tsiyaya masa ruwa, wai tausayi. Yanzu ganyen ya koma rawaya, gindin ya yi baƙi ya yi laushi.

Majken ta kife kaskon a kan jarida. Ƙasar jagab, sai tsami take. Ta datse ruɓaɓɓun saiwoyi, ta zuba busasshiyar ƙasa mai yashi.

"Wahalar banza," in ji Ingvor. "Ni da uwar shukar nan tafiyarmu ɗaya. Yanki rassa ki dasa a wajenki. Ƙasan gaɓa! Ba nan ba! Ke kam har kin yi furfura ba ki iya riƙe wuƙa ba?"

Majken ta haɗiye abin da ya zo mata baki, ta yanka, ta tsige ganyen ƙasa. Sai da ta kai ƙofa bakin ya suɓuce.

"Na gode, Ingvor."

"Shi ke nan, kin kashe su!"

A ƙasar nan ba a godiya a kan reshen dashe, wai in an gode ba ya kamawa, ko yaro ya san wannan. To amma yaya mutum zai yi da bakin da ya saba gode wa direban bas da mai kanti, har da wanda ya taka shi? "Camfi ne kawai," ta faɗa da ƙarfi, ta ja ƙofar.

Camfi ko ba camfi ba, rassan suka bi juna suna ruɓewa. Ta canza musu taga, ta rage ruwa, ta zage su, ta lallashe su. Ranar da na ƙarshe ya faɗi, takaici ya sa ta zauna a kicin ta yi kuka sosai.

Da ta hau sama, uwar shukar saura tsiro ɗaya mai kore. Ingvor kuwa ko kofi ta daina sha. Ta dubi hannun Majken, ta gane.

"Ba zan ƙara ba ki ba," ta ce, muryar can ciki. "Na sata ne ke kamawa. Uwata ma a tagar matar fasto ta tsinko shi." Da ƙyar ta juya fuskarta wajen bango. "Barci zan yi. In za ki fita, kada in ji ko tarinki."

Majken ta tsaya tana kallon ƙeyar tsohuwar, ranta na tafasa. Akwai maganganu cike da bakinta, na shekara da shekaru, kuma an hana ta ko ɗaya. Ta yanke tsiron, ta cusa a aljihun rigar sanyi, ta fita a kan yatsun ƙafa.

Ba su sake magana ba. Kafin mako ya zagayo Ingvor ta cika. Ɗanta Torvald ya zo daga birnin Malmö ya kwashe kayan gidan, kaskon da busasshen karan suka tafi bola.

Tsiron da Majken ta dasa a ƙaramin kasko kuwa ya yi ta zama a tagar kicinta, bai mutu ba, bai yi sabon ganye ba. Kullum sai Majken ta harare shi.

Ranar jana'iza, wadda sai bayan 'yan makonni aka yi, ta dawo daga shan kofin da aka haɗa wa masu makoki a coci, ko baƙar rigarta ba ta cire ba. Ta kama kan tsiron da yatsu biyu, ta ɗan ja shi sama a hankali. Ya ƙi fitowa, ƙasar kaskon ta ɗago tare da shi, riƙe a saiwoyinsa.