Yawon Daji da Suruki

Mas'ud malamin firamare ne a Bebeji, amma in ya fara labarin daji sai ka rantse a kan bishiya aka yanke masa cibiya. Kakansa maharbi ne, kuma ba ya barin kowa ya manta. Shi ya kitsa zuwa Dajin Falgore a ƙarshen damina. Suka kafa tanti, ya ja surukinsa Malam Abdulmumin su je kallon duwatsu.

Matar Mas'ud, Saudatu, da za ta tsaya a tanti, ta bi su da gargaɗi: "Baba ya sha maganin suga. In bai ci abinci da azahar ba, jiri zai kayar da shi."

"Haba, ni ne fa," in ji Mas'ud.

Duk inda suka karya kwana sai ya ƙulle kan doguwar ciyawa, irin alamar maharba, yana satar kallon Malam ko ya lura da gwaninta.

Da suka juyo, ashe garken shanu ya bi bayansu. Ƙulli ko ɗaya ba su bari ba, sai kashinsu mai ɗumi.

Hanya ta ɓace wa Mas'ud. Ga kunyar suruki, mutumin da ko ido ba ya iya haɗawa da shi, balle ya ce masa "Baba, na ɓatar da mu." Sai ya ci gaba da tafiya kamar ya san inda ya nufa. Tsamiya guda suka wuce sau biyu. Rana ta take tsaka, hannun tsohon ya fara rawa a kan sanda. Nan tsoro na gaske ya kama Mas'ud.

"Mas'udu, lokaci ya yi," in ji Malam.

Ya dubi inuwarsa ya gano alƙibla, suka yi taimama suka yi sallah. Da ya sallame, ya ce a hankali, kamar da carbinsa yake magana:

"Ikon Allah. Da na yi walaha a bakin tanti, dutsen nan mai tsage yana hagu da ni. Yanzu ga shi a dama."

Wato bayan dutsen suka zagayo. Mas'ud ya miƙe. "Baba, mu bi ta nan."

"To, kai ne jagora."

Ba su yi rabin awa ba suka hango hayaƙin girki. Saudatu ta taryo su da gudu da kwanon fura. Malam ya zauna ya sha, ya ƙara, rawar hannun ta tsaya.

"Baba, me ya tsayar da ku haka?"

"Mijinki ne, ba ya gajiya da nuna wa mutum wuri."

Mas'ud ya zagaya bayan tanti. Ya zube a ƙasa yana ta hamdala, dariya da hawaye suna zuwa masa tare.