Dutsen da Ko Ciyawa Ba Ya Fitarwa

Tun safe tela ya kasa zama wuri ɗaya. Ya ɗinka hannun riga a baibai, ya farke, ya sake ɗinkawa a baibai, daga ƙarshe ya rufe shago ya dawo gida. Yau za a sallamo yayansa daga asibiti, ga shi kuma da hannunsa ya tafka ɓarna.

Wasa ne na kwamfuta, na kafa daula a sararin samaniya. Ka mallaki taurari, ka ƙera jirage, maƙwabta ka yi sulhu da su ko ka ci su da yaƙi. Tun suna samari shi da Yaya suke yinsa, waɗanda suka ƙirƙire shi kuma ba su taɓa barinsa ya tsufa ba, kullum da ƙarin da za su kawo. Daɗinsa ke nan, kuma masifarsa ke nan, don babbar sabuntawa in ta zo sai ta sauya dokoki, tsohuwar daula ta ƙi buɗewa. Shi ya sa Yaya ya kafa doka: ba a sabuntawa sai an gama daular da ake kai. Tasu kuwa ta ƙi ƙarewa, shekara da shekaru wannan ya yi mulki ya miƙa wa wancan.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta kama Yaya, ta tafi da hannun dama, ta tafi da magana. Likita ta ce a riƙa nuna masa abin da ya saba da shi, ko bakin zai saki. To me ya sani kamar wannan daular? Kowace duniya a cikinta shi ya raɗa mata suna, duk na 'yan gidansu. Mai koguna ta Inna ce. Wani busasshen dutse da ko ciyawa ba ya fitarwa kuma ya sa masa Kunnuwa, sunan da yake tsokanar tela da shi tun suna yara.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Jiya tela ya ga an fito da sababbin jirage, ya ce bari ya burge Yaya, ya danna maɓallin sabuntawa.

Yanzu ga shi yana ta kai-komo tsakanin tebur da taga. Ya kashe kwamfuta, ya kunna. Ya gwada mayar da wasan yadda yake a da, sai hoton ya fara fitowa ya ɗauke.

"Ka zauna mana, ka sa ni jiri," in ji matarsa.

"In zauna in ce masa me?"

"Gaskiya. Ai ba cin ka zai yi ba."

Ba faɗan yake tsoro ba, ina ma a ce Yaya zai iya faɗa. Tsoronsa kada ya zama ya rushe abu ɗaya da zai dawo da bakin.

Aka shigo da Yaya a keken marasa lafiya, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tela ya durƙusa a gabansa.

"Yaya, na karya doka. Daular ta tafi."

Yaya ya dube shi, bai ko ƙifta ba. Shirun ya ishi tela, ya rasa inda zai sa hannuwansa, sai kawai ya juyo da kwamfutar ya buɗe sabuwar taswira. Taurari baƙi, duniyoyi ba suna, maɓallan ma duk an canza musu wuri. Jirgin leƙe ya tashi, ya wuce wata duniya mai ruwa, ya tsaya kan wani ƙeƙasasshen dutse, mummuna, ba komai a kansa.

Hannun hagun Yaya ya ɗago, yatsa ya taɓa gilashin. Leɓensa ya yi ta kokawa, gefe guda na ja, gefe guda ya ƙi.

"Kun... nuwa."

Tela ya jawo allon rubutu zai sa wa dutsen sunan, amma hawaye ya hana shi ganin baƙaƙen. Matarsa ce ta sunkuyo ta rubuta masa.