Shuɗiyar Motar Baban Bora

Mijina Tak Man-su ya yi shekara talatin da ɗoriya yana tuƙa bas a birnin Daejeon, kuma duk tsawon zamanmu ban taɓa jin ya ce yana son wani abu don kansa ba. Riga in ban sayo ba, ba zai saya ba. Takalmi sai ya fara shan ruwa. Shi ya sa ranar da ya ajiye cokali ya ce, "Maman Bora, akwai wata mota," na ɗauka wani ne ya goge mana tsohuwar tamu.

Ashe wata daban yake nufi. Shuɗiya ce, ƙofa biyu, a kwance take a ƙasa kamar ƙadangare, irin waɗanda ake jin kukansu kafin a gan su. Wai tun kafin ya yi ritaya yake kallonta ta gilashin kamfanin da ke sayar da ita, duk lokacin da danja ta tsayar da bas ɗinsa a wurin. Guminsa ne, ba mai ce masa don me. Amma Baban Bora ko tukunya ba ya saya sai na ce to, don haka ya zauna yana jiran bakina.

Na ce a'a. Na faɗa da bazara, na maimaita da damina, kaka ta shigo ina nan kan bakana.

Ba gudu nake tsoro ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar tsofaffi bai taɓa kayar da ko ɗaya ba, ba zai fara hauka da furfura ba. Likitan haƙoran hawa na sha ɗaya nake tsoro. A gidajen benenmu motoci sun fi wurin ajiye su yawa, wanda ya dawo a makare sai ya tare bayan na wasu, ya miƙe tayoyi, ya bar tasa a firi, ba giya ba birkin hannu. Da safe mai sammako ya sa hannu ya tura ta gaba ya fita abinsa. Haka muke zaune tun 'yarmu Bora tana goye. Likitan nan ma haka yake yi, mutum mai fara'a, har ranar da ya sayo wata baƙar mota mai tsada. Daga nan ya fara sa giya, ya ja birki, ya manna takarda a gilashi wai kada a taɓa. Yanzu in ya shigo lifta, kowa sai ya tuna yana da saƙo a waya. Ni ba na so a yi wa mijina irin wannan shirun.

"Ki shiga sau ɗaya kawai," in ji shi. "Suna ba da ita a ɗana. In kika sauko kika ce a'a, ba zan sake tayar da maganar ba."

Kuma na san ba zai sake ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, shi ya sa na ɗauki jakata ranar Asabar na bi shi.

A kamfanin wani Mista Pyo ya tarbe mu, ɗan shekara arba'in da wani abu, gashi ya sha mai, kwat ta kama shi. Ya sunkuya wa mijina, ya sunkuya mini fiye da haka, don ya gane wa zai lallaɓa tun daga bakin ƙofa.

"Uwargida ta sha gahawa ko shayi?"

"Uwargida ta zo kallo ne," na ce. "Kada ka ɓata gahawarka."

Ya yi dariya irin ta masu sayar da kaya, ya kai mu gaban motar. Gaskiya tana da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Mista Pyo ya fara zuba bayani a kan inji da tayoyi, Baban Bora bai ji ko rabi ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro fararen safar hannunsa na aiki, waɗanda na ɗauka ya yar tun ranar sallama, ya sa su ɗaya bayan ɗaya. Har guga ya yi musu a ɓoye.

Mista Pyo ya bar mini gaba, shi ya cusa kansa a baya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa kunnuwansa. Ni kuma na zauna sai na ji kamar a ƙasa na zauna. Da mijina ya tayar da ita, ƙarar ta biyo ta kujera ta shige mini baya.

Muka fito titi, Baban Bora ya kama gefen dama ya lafe. Mai keke ya wuce mu. Wata mota mai ɗauke da kabeji ta yi mana hon ta wuce. Kafin ya tashi daga kowace danja sai ya ɗaga ido ya duba madubi, ya tabbatar fasinja sun zauna.

"Ranka ya daɗe," in ji Mista Pyo daga baya, "giya shida gare ta. Har yanzu muna ta uku."

"Ina sane."

"A ɗan taka ta, ba za ta yi fushi ba."

"Ka bar shi," na ce. "Yana jiran ya ga ko akwai mai sauka a gaba ne."

Kunnen mijina ya yi ja. Muka hau titin bakin kogi, inda hanya ta miƙe ba kowa. Ya gyara zama, ya ce, "Maman Bora, riƙe jakarki." Kafin in tambayi dalili, kujera ta manne mini a baya. Itatuwa suka haɗe suka zama abu ɗaya. Na buɗe baki zan zage shi, dariya ce ta fito, irin wadda rabona da ita tun ina budurwa. Ya sha kwanar gada ba ko girgiza, ya sauko da giya, motar ta yi tari biyu ta lafa.

Na juya na dube shi. Bakinsa a buɗe kaɗan, idonsa na walƙiya, duk nauyin nan da ya kwanta masa a fuska tun da ya daina fita aiki ya tafi. Na ji daɗi har cikin raina, na kuma ji haushin kaina da jin daɗin. Ban shirya miƙa wuya a bakin kogi ba.

"Gudu kowa ya iya," na ce. "A je a gani in za ta hau tudun ƙofar gidanmu. Ni ba zan riƙa sauka ina ɗaga mata hanci ba."

Mista Pyo ya ce ba a saba kauce wa hanyar gwaji ba, amma tun da uwargida ce, ai ba komai. Ta hau tudun lafiya lau, mijina ya karkata ta ya haye kamar ya shekara yana yi. Filin ajiye motoci cike yake, Asabar ce, ga tsofaffi sun cinye gefe guda da tabarmin shanyar barkono. Ya tare bayan wasu motoci biyu ya kashe.

Baƙo ba ya zuwa ƙofarka ya juya da bushewar baki, don haka na ce Mista Pyo ya hau ya sha shayin sha'ir. Ya fito yana miƙe ƙafa yana dukan cinya, bai ga komai ba. Ni na gani. Na ga hannun Baban Bora ya girgiza sandar giya hagu da dama, ya bar birkin hannu a kwance, ya miƙe sitiyari. A wurina kamar na ga ya cire takalmi a bakin ƙofa ne, abin da ya saba.

A sama na yanka 'ya'yan itace, Mista Pyo ya yaba ɗakin, ya yaba hoton auren Bora, ya yaba har kifin da ke cikin kwalba. Ya sha kofi biyu yana ta zagaye maganar, ni kuma ina ta ƙara masa shayi. Da muka sauko, wurin da muka bar motar wayam.

Ban taɓa ganin mutum ya fita hayyacinsa a tsaye haka ba. Mista Pyo ya dubi ƙasa, ya dubi mijina, ya sake duban ƙasa kamar za ta tsiro.

"Ranka ya daɗe, mabuɗin yana wurinka?"

"Ga shi."

"To wa ya tuƙa ta?"

"Ba tuƙa ta aka yi ba," in ji mijina a hankali, ya riga ya gane. Ya danna mabuɗin, muka ji ta amsa can ƙarshen fili, wajen da ake tara shara.

Tana nan a gindin katanga, hancinta ya kusa sumbatar buhunan kwalabe. Kusa da ita Kaka Gye ta hawa na ƙasa da ƙawayenta biyu suna zaune a kan tabarma suna juya barkono da hannu. Bayan motar kuwa, tun daga gilashi har fitilu, shatin tafin hannu ne jajaye, manya da ƙanana.

"Kai, Baban Bora, kun san mai wannan abar?" in ji Kaka Gye. "Mutumin hawa na bakwai ya turo ta zai fita, ya kawo ta ya dasa mini a kan rana. Barkonona ya kwana biyu yana neman rana, sai wata mota ta zo ta sha? Shi ne muka ture ta nan."

"Mu muka zo da ita, Kaka."

"Taka ce? To ka yi dace, ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta fi tsohuwarka daɗin turawa. Sai dai santsi, ba wurin kamawa. Ita wannan da mazaunanta ta tura."

Wadda aka nuna ta gyaɗa kai ba ta ko ɗago ba. Mista Pyo ya tsuguna yana bin motar da ido kamar mai neman allura, ya zagaye ta sau biyu, ya miƙe yana share goshi. Ba ƙwarzane, in ji shi, garin barkono ne kawai, ruwa zai fitar.

Ni ba motar nake kallo ba. Mijina nake kallo, don a nan zan san amsata. Na ga muƙamuƙinsa ya motsa. Na ga ya dubi shatin hannun nan ɗaya bayan ɗaya, wuyansa ya kumbura. Na ce a raina, to, ga likita na biyu.

Sai ya juya ya sunkuya wa Kaka Gye har ƙasa.

"Ki yi haƙuri, Kaka, mun tare miki rana."

"Ba komai, ɗan nan. Ka dai riƙa ajiye ta ta wancan gefen."

Ya cire safar hannunsa ɗaya, ya fara goge bayan motar da ita a hankali. Ya goge shati uku, safar ta yi ja, ya tsaya. Ya miƙa wa Mista Pyo mabuɗin da hannu biyu.

"Mun gode da ɗawainiya. Ba zan saya ba."

"Haba, ranka ya daɗe, ai ba abin da ya same ta. Kuma wannan ta gwaji ce, sabuwa fil za a kawo maka. Sai ka riƙa sa mata giya ka ja birki, ka bar lambar waya a gilashi, kamar yadda masu irinta suke yi."

"Tsohuwar nan ta goya 'yata," in ji mijina. "Ba zan sa ta tsaya tana kirana a waya don ta shanya barkono ba. Ba zan iya kulle musu hanya ba." Ya sake duban motar. "Kuma ba zan iya tsayawa a taga kullum da safe ina kallo ana tura ta ba. Zuciyata ba za ta ɗauka ba. Maman Bora tana da gaskiya, a bar maganar."

Ya naɗe safar ya sa a aljihu, ya yi mini ɗan murmushin nan nasa. Na san murmushin. Shi ya yi lokacin da muka fasa tafiya hutu tsibirin Jeju saboda makarantar Bora, shi ya yi lokacin da ya bar wa ƙaninsa gonar mahaifinsu. Na ci nasara ke nan, kuma ban taɓa jin nasara mai ɗaci irin wannan ba.

"Wa ya ce maka na ce a'a?" na ce.

"Tun bazara kike faɗa."

"Wancan kafin in shiga ne. Ka ce in na sauko in faɗa, kuma tun da na sauko ba wanda ya tambaye ni. Mista Pyo, shuɗiya muke so, irin wannan sak. Kada ka kawo mana baƙa."

Mista Pyo ya sunkuya har na ji tsoron kwat ɗinsa. Kaka Gye ta ce in za a zuba wa tayoyin giyar shinkafa don neman sa'a ranar da ta iso, a kira ta, ita ta san yadda ake yi. Mijina kuwa ya tsaya yana kallona kamar ban yi magana da yarensa ba.

"Za su tura ta fa, Maman Bora."

"Su tura. A firi za ka bar ta, kamar kowa."

"To da safe fa? Ni na san kaina, ƙafata za ta kai ni taga."

"Ta kai ka," na ce, na karɓe safar daga aljihunsa don in jiƙa ta kafin jan ya kama. "Ni nake riga ka tashi. Zan riƙa rufe labule."