Birkin Akwala

Tsohon makanike ba ya son a ce masa "da gaske?" A wurinsa zagi ne. Yakan ce mai wasa ake yi wa wannan tambaya, shi kuwa tun da ya fara riƙe sifana bai taɓa faɗin abin da ba haka yake ba.

Da safe surukinsa, mijin 'yarsa Auta, ya kawo mota gareji a duba masa mai. Tsoho ya leƙa ƙarƙashi, ya ga man birki yana ɗiga.

"Kada ka hau babbar hanya da akwalar nan. Birki zai tsinke."

Surukin ya yi murmushi, don kullum tsoho cikin kushe motar yake. "Haba Baba, da gaske?"

Tsoho ya dube shi sama da ƙasa, ya koma wankin fulogi. Bai tanka ba.

Da hantsi maƙwabcinsa mai faci ya leƙo yana dariya. "Kai da surukinka sai Allah! Wai tunda ka yi shiru, tsokana ce. Ya kwashi Auta da yara, sun tafi gaida mahaifiyarsa."

Fulogi ya suɓuce masa. Ya san hanyar: dogon gangare, ƙarshensa gada.

Wayar surukin a kashe. Ta Auta tana shiga, ba a ɗauka. Ya sake kira, baƙin mai ya ɓata wayar.

"Zauna mana," in ji mai faci.

"Rufe mini baki."

Can ta ɗauka. Iska da hayaniyar yara sun cika wayar.

"Kuna ina?"

"Mun kusa gangare. Lafiya, Baba?"

"Ce masa ya rage giya, ya sauka gefen hanya. Ba birki."

Ya jiyo surukin yana cewa, "Yau ma akwalar ce?" Auta ta yi dariya. "Wai Baba da gaske kake?"

Tsoho ya dubi mai faci, ya juya masa baya.

"Da gaske nake, Auta. Da gaske nake."

Dariyar ta ɗauke. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin kalmar a bakinsa ba.

"Tsaya!" ya ji ta ƙwalla. Inji ya yi gurnani, tsakuwa ta yi ƙara, sai shiru.

"Auta?"

"Mun tsaya, Baba. Ya taka birkin, ya tafi har ƙasa."

Tsoho ya zauna a kan taya.

"Yau dai na ji ka faɗa," in ji mai faci.

"Ta da babur ɗinka. Ɗauko mini man birki."