Ta Ƙasan Katako

Shekara tara ke nan ina sayar da tikiti a tashar manyan motoci, amma da za a ce in kwatanta fuskar fasinja goma, sai an tashi ban cika biyar ba. Laifin kafintan da ya haɗa ɗakin ne, Allah ya yafe masa. Ya kai tagar can sama, ya bar tazarar taƙi guda tsakanin katako da siminti, kujerata kuma gajera ce. Hannu nake gani yana miƙo kuɗi, sai ƙafafu ta ƙasan katako.

Da ƙafa na san mutane. Na san ƙafar ɗan kasuwa mai buga ƙasa don sauri, da ta tsohuwa mai jan silifas, da ta ɗalibi mai takalmi a goge da safa a huje. Idan rana ta take, layi ya tsinke, fanka na juyawa kamar an yi mata dole, sai gyangyaɗi ya ɗebe ni ido biyu. Kullum abu ɗaya nake gani. Wata doguwar hanya ce fara fat, babu mota babu mutum, sai takalma a jere a gefe, ƙafa bibbiyu, duk sun fuskanci gaba. Ni kuma ina tafe ina juyo da su ɗaya bayan ɗaya su kalli gida. Ban taɓa kaiwa ƙarshen hanyar ba.

Ran nan ma ina cikin juya takalman ne aka ƙwanƙwasa taga. Na buɗe ido na duba ƙasa. Ƙafa ce mai jan farce cikin takalmi mai tsini, a bayanta kuma ƙafafun 'yan mata uku. Takalman roba ne shuɗɗa a ƙafarsu, sababbi dal, iri ɗaya, girma ɗaya, takardar farashi na manne a jikin kowanne. Ta farkon ya yi mata daidai. Ta biyun tana iyo a cikin nata. Ta ukun kuwa ya matse ta, har ya ci mata dunduniya, jini ya bushe a bakin robar.

Na san wannan sayayya. Wanda ya san ki, ya san girman ƙafarki. Mai ɗibar 'yan mata kuwa ƙulli guda take saye a bakin tasha ta raba. Ina da shekara goma sha shida wata mai zaƙin baki ta zauna a tabarmar innata, ta ce akwai aiki a shagon gyaran gashi a wata ƙasa. Mu biyar ta saya wa, namu jajaye ne. Shekara huɗu na yi kafin in dawo, kuma ban taɓa gashin kowa ba. Abin da ya faru a can na faɗa sau ɗaya a gidan da ke karɓar irinmu, a gaban Malamar da ke riƙe da gidan, ban kuma sake ba. Ita ce ta koya mini lissafi, ta samo mini wannan kujera.

"Mutum huɗu, motar iyaka," in ji mai jan farce. "Ki haɗa mu wuri ɗaya, 'ya'yan yayata ne."

"To, Anti," na ce, na kashe murya kamar gaske. "Sai dai dokar tasha ce, mata su zaga banɗaki kafin a tashi. Direban nan ba ya tsayawa sai bayan awa shida."

Babu wata dokar tasha. Ni da Gwaggo mai share banɗaki muka kafa ta, mu ne kuma kaɗai muka san da zamanta. Gwaggo takan tsaya a ƙofa da bokiti ta ce ƙasa da santsi, ɗaya-ɗaya ake shiga. Idan yarinya ta shiga ita kaɗai, sai ta tambaye ta ina za ta, wa za ta tarar, takardunta suna hannun wa. Sannan ta nuna mata ƙofar baya, wadda ke ɓullewa bayan ɗakina. Iyakar aikin ke nan. Malama ta ja mana kunne tun farko: kada a ja hannun kowa. Yarinyar da aka janyo, in ji ta, gobe wani zai sake janye ta. A nuna mata ƙofa, ita ta taka da ƙafarta.

Ni dai wannan ƙa'ida ta sha ci mini rai. Na ga ƙafafu da yawa sun shiga banɗakin nan sun fito ta gaba.

Ina rubuta tikitin a hankali, kamar mai koyon rubutu, mai jan farce na tsaki tana amsa waya. Ta ukun ta matso jikin katako don ta samu inuwa, ta zare dunduniyarta daga robar tana shan iska. Ban san sanda na cire silifas ɗina ba. Na tura ƙafata ta ƙasan katako, na juya dunduniyar, na ajiye ta kusa da tata. Tabon da jan takalmin nan ya bar mini yana nan, fari, kamar an ɗiga kakin kyandir. Ba na ganin fuskarta. Na dai ga yatsunta sun daina motsi. Sun daɗe a haka. Sai mai jan farce ta ce su wuce banɗaki, robar ta koma kan ciwon.

Suna juya baya na kira lambar da Malama ta ba mu, ta jami'an da ke tare irin waɗannan motoci a hanya. Na ba su lambar mota da kamannin takalma. Wani lokaci suna cim musu, wani lokaci matar ta sauke 'yan matan tun kafin shingen jami'an. Ba ni da iko da wannan. Tsoro nake ji, tsoro na gaske.

Daga kujerata ina hango matakalar motar ta ƙasan katako. Kwandasta ya fara kiran fasinja. Rana ta narkar da filin tasha, komai na rawa-rawa kamar a cikin ruwa, har na rasa ko a farke nake ko na koma farar hanyata. Ƙafafu na hawa. Takalmi mai tsini ya hau mataki ɗaya ya tsaya. Shuɗi na farko ya wuce shi ya shige. Na biyu ya bi, yana faɗuwa daga ƙafa. Mai tsinin ya sauko, ya nufi banɗaki da sauri, na jiyo muryar Gwaggo har nan.

"Baiwar Allah, ni masu shiga nake gani, ba na ƙirga masu fita. Ɗaga ƙafarki, kin tsaya mini a kan tsumma."

Direba ya danna oda sau uku. Mai tsinin ya zagaya filin, ya dawo, ya yi jim a gindin matakala. Biyu na ciki, ɗaya na waje. Ya hau. Tayoyi suka juya, na bi su da ido har suka fita ƙofar tasha, ina jin zafin biyun nan a ƙirjina.

Ban ji tahowarta ba, don ba ta da abin da zai yi ƙara. Ƙafafu biyu ne kawai suka bayyana a ƙasan katako, babu takalmi, a jiƙe, da filastar Gwaggo a dunduniya ɗaya. Maimakon ta ɓuya a baya, ta zagayo gaban taga.

"Yaya," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "ke ma shagon gyaran gashi aka ce miki?"

"Shi aka ce mini."

"Akwai shagon?"

"Babu, ƙanwata."

Yatsun suka lanƙwashe a kan simintin mai zafi.

"Mamata ta riga ta gaya wa maƙwabta na samu aiki," ta ce. "Kuma ban san motar gida ba."

"Motar gida tana nan, ba inda za ta. Yanzu Malama za ta zo, ki huta a wurinta tukuna, ku kira mamarki tare. Ƙasan nan da zafi, sa wannan."

Na tura mata silifas ɗina ta ƙasan katako. Ta zura ƙafa, ya yi mata yawa, amma bai taɓa ciwon ba. Sai na dafa tebur na miƙe, na yi ɗage, na leƙa ta tagar nan da kafinta ya kai sama. Tana da wushirya, da ɗan kunne guda ɗaya, kuma kitson da ke kanta sabo ne, irin wanda uwa ke yi wa 'yar da za ta yi tafiya.